Zauren da Aka Ce Ba Shi da Fasali

Malam Inuwa magini ne ɗan magini. Yana da shekara goma sha tara aka ce mutanen garinsu su kwashe nasu ya nasu, ruwan Tiga zai cinye garin. Aka ba su fili a kan wani tudu cikin ƙasar Bebeji, kowa ya kafa 'yar bukkar kara yana jiran abin da Allah zai yi. Mahaifinsa, Malam Rufa'i, bai fara gina ɗakin kwana ba, da zaure ya fara. Ya ce ba zai yarda baƙo ya zo ya same shi tsaye a fili kamar marar asali ba. Inuwa da yayansa Sharif su suka kwaɓa ƙasar, su suka yi tubalin, su suka yi ta jigilar azarar tsohon gidansu a kan jakuna kafin ruwa ya kai gare ta.

Yadda zauren tsohon gari yake haka Malam Rufa'i ya fitar da wannan, bai ƙara ba bai rage ba. Rufin ɗaurin guga mai tudu kamar kifaffiyar ƙwarya, zankwaye huɗu a tsaye a kusurwoyin sama, dakali hagu da dama, sai zanen dagi a goshin ƙofa. A wajen ginin nan Inuwa ya fara sanin nauyin kalmar fasali. Sau uku yana ɗora layin tubali, sau uku tsohon yana sa ƙafa yana turewa, ba ya cewa komai sai, "Bai yi fasali ba." A na ukun Inuwa ya kasa haƙuri, ya ce, "Baba, ai a miƙe yake."

Tsohon ya ce, "Muciya ma a miƙe take. Ado daban, fasali daban. Ado sa shi ake yi, kuma a kan cire shi. Fasali daga tushe yake tasowa. Ƙofa ta dace da girman bango, bango ya iya ɗaukar rufi, jaki da kaya ya wuce bai gogi gefe ba, wanda ke zaune a zaure kuma idonsa bai kai tsakar gida ba. In ka haɗa waɗannan, mai wucewa zai ce gini ya yi kyau, bai ma san dalili ba."

Shekara hamsin zauren yana tsaye. Malam Rufa'i ya rasu, Sharif ma ya bi shi. Duk shekara in an gama girbi Inuwa zai sake masa yaɓe, ya shafe shi da makuba, ya bi zanen dagin da yatsa yana tayar da shi. A nan dattawan unguwa suke zama bayan la'asar, a nan ake raɗin suna, a nan ake karɓar gaisuwa in an yi rashi. Mutanen gidan ba su da yawa: shi, da matarsa Zuwaira, da ƙanwarsa Rabi wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta. Rabi ita ta goyi Ukasha, ɗan marigayi Sharif, tun yana jariri da uwarsa ta rasu. Ukasha ya girma ya tafi Kaduna yana sayar da kayan gyaran mota, Allah kuma ya buɗa masa.

Shekarar da Ukasha zai yi aure, wata yarinya 'yar birnin Kano mai suna Humaira, sai ga shi ranar wata Asabar da wani saurayi mai riƙe da tef ɗin awo. Suka sami Inuwa a dakali yana gyaran ƙotar fartanya. Ukasha ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baffa, wannan abokina ne, Injiniya Mujitaba. Na kawo shi ya duba gidan, a ɗan gyara gaba kafin biki."

Inuwa ya ce madalla, gyara ai ba ya zama laifi. Mujitaba ya gaishe shi a tsaye, ya ja da baya ya ƙare wa zauren kallo, ya shiga ya fito, ya buga bango da tafin hannu. Sannan ya juya wajen Ukasha, kamar ba kowa a dakalin, ya ce, "Wannan kam sai dai a sauke shi. Ba shi da fasali ko kaɗan."

Inuwa ya ajiye fartanya. Ya ce, "Samari, me ka ce ba shi da shi?"

"Fasali, Baba."

"To zauna ka gaya mini mene ne fasali, don ni ma na ɗan taɓa gini."

Mujitaba bai zauna ba. Ya yi murmushi ya ciro waya, ya shiga nuna masa hotunan gidaje masu tayil da ginshiƙai da ƙofar ƙarfe. Ya ce, "Ka ga irin wannan shi ne fasali. Komai a kan layi, kusurwa ta fita, ga sheƙi. Naku kuwa dubi bangon, ƙasa ya yi kauri sama ya tsuke, ba inda ya miƙe. Ƙofar ma a karkace take da ta ciki."

Inuwa ya ce, "Kaurin ƙasan shi ya riƙe rufin shekara hamsin. Karkacewar ƙofar kuma da gangan aka yi, don kada irinka ya tsaya a waje ya hango matan gida. Abin da ka nuna mini a wayar nan ado ne. Ka je ka tambayi wanda ya koya maka aiki bambancinsu."

Ukasha ya ga abin zai ɓaci, ya shiga tsakani yana ba da haƙuri. Ya ce shi ma ba rushewa ya zo yi ba, katangar gefe kawai za a tayar da bulo, a gyara ɗakin amarya. Inuwa ya dube shi ya ce, "Kakanka ya gina shi, ubanka ya kwaɓa ƙasarsa. Ka yi duk abin da za ka yi a gidan nan, kana da haƙƙi a ciki kamar yadda nake da shi. Zaure dai kada a taɓa."

Ukasha ya ce, "In sha Allahu ba za a taɓa ba, Baffa."

Bayan kwana goma wani tsohon abokin Inuwa, Alhaji Isa, ya aiko daga wani ƙauye can bayan Doguwa, yana so a gina masa rumbuna uku a kuma gyara rufin masallacinsu na ƙasa. Maginan da suka iya irin wannan aiki sun yi ƙaranci, Inuwa bai iya cewa a'a ba. Ƙauyen yana gindin duwatsu, waya ba ta shiga sai an hau tudu, shi kuma bai saba neman kowa a waya ba. Ya yi kwana ashirin da shida a can.

Ranar da ya dawo, ɗan acaɓa ya ɗauko shi daga bakin titi. Suna shiga layinsu mai babur ya tsaya, Inuwa ya ce masa, "Ci gaba, ba mu zo ba." Mai babur ya ce, "Baba, ai nan ne gidan magina." Inuwa ya sauko ya tsaya da buhun kayan aikinsa a hannu. Ga bishiyar darbejiyar maƙwabcinsa, ga masallaci a inda ya bar shi. Amma inda zaure yake sai katangar bulo da aka manne da tayil ruwan ƙasa mai sheƙi, da ginshiƙai biyu da aka shafa wa fenti ruwan gwal, da wata ƙatuwar ƙofar ƙarfe baƙa. Ƙaramar ƙofar cikinta a buɗe take, daga inda yake tsaye yana hango Zuwaira tana wanke-wanke a bakin rijiya.

Bai shiga ta nan ba. Ya zagaya ta ƙofar baya inda ake fitar da awaki. Zuwaira na ganinsa ta saki kwano ta fara kuka, ta ce ita an gaya mata ya amince, wai an yi magana da shi a waya. Ya tambaye ta ina azarar. Ta nuna masa murhu. Da ita aka yi ta dafa wa leburori abinci, sauran guda biyar an kafa su a rumfar awaki. Ƙasar zauren kuwa an kwashe ta a tifa an cike kwazazzabon bayan masallaci.

Ya je rumfar awakin ya dafa ɗaya daga cikin azarar. Ya gane ta, akwai tsaga a gefenta tun ranar da ta faɗo daga kan jaki a hanyar tsohon gari. Yana nan tsaye Rabi ta fito daga ɗakinta.

Ta ce, "Yaya, sannu da hanya. Kada ka ga laifin yaron nan. Ni na ce a rushe."

Ya juyo ya ce, "Ke?"

"Ni. Kana tafiya da kwana biyu dangin yarinyar suka zo ganin ɗakin da za a yi jere. Mota biyu. Na yi musu fura, na yi musu dambu, na shimfiɗa sabuwar tabarma. Wata a cikinsu ko zama ba ta yi ba, ta tsaya a bakin zauren nan ta riƙe hanci da mayafi, ta ce, 'A nan za a kawo Humaira? Gida ba fasali sai ka ce kufai.' A kunnena, Yaya. Sauran suka yi dariya. Yaron da na goya a bayana, na hana idona barci a kansa, shi za a wulaƙanta saboda tarin ƙasa?"

Inuwa ya ce, "Tarin ƙasa. Rabi, a zauren nan aka ɗaura miki aure. A nan aka sallaci Baba."

"Na sani. Baba ya tafi, Allah ya ji ƙansa. Mai rai nake dubawa."

"Mace ta zo daga birni, ba ta taɓa ɗora tubali ɗaya a kan ɗaya ba, ta faɗi kalmar da ba ta san ma'anarta ba, ku kuma kuka ɗauki gatari. Da ta ce ba ta son ginin ƙasa, da na ce ra'ayinta ne. Da ta ce ya tsufa, da na ce gaskiya ne. Amma ba fasali? Kuma ba wanda ya iya buɗe baki a gidan nan ya ce mata ƙarya take yi?"

Rabi ta ce, "Kai ka san wannan. Duniya ba ta sani ba."

Ta koma ɗaki ta saki labule.

Ukasha bai zo ba sai ana jibi ɗaurin aure. Ya zo da dattawa biyu na unguwa su taya shi ba da haƙuri, da sabon babur da ya ce na Baffa ne, don ya huta da hawan acaɓa. Inuwa ya karɓe su a ƙarƙashin darbejiyar maƙwabci, tunda babu inda zai ajiye su. Ya saurare su har suka gama. Sannan ya ce wa Ukasha, "Tambaya ɗaya zan yi maka. Ranar da ka ce mini in sha Allahu ba za a taɓa ba, ka riga ka san za a taɓa?"

Ukasha ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin babur. Ya ce, "Baffa, a lokacin ban yanke shawara ba."

"Wa ya ce wa Zuwaira an yi magana da ni a waya?"

Ukasha ya ci gaba da juya makullin a hannunsa. Ɗaya daga cikin dattawan ya ce aikin gama ya gama, a yi haƙuri, ɗa ne. Inuwa ya ce haƙuri ya zama dole tunda ba zai iya tono ƙasa daga kwazazzabo ya mayar da ita zaure ba. Babur kuwa a mayar, ƙafarsa ba ta gaza ba tukuna.

Duk da haka shi ne waliyyin ango, kuma bai ƙi ba. Ranar Asabar ya sa farar rigarsa ya je Kano ya karɓa wa Ukasha aure, ya dawo tare da jama'a. Washegari aka yi walima a ƙofar gida. Aka kafa rumfuna, aka jera kujerun roba har bakin masallaci, abokan ango daga Kaduna da dangin amarya suka cika wuri. Inuwa ya zauna can gefe cikin dattawa, ya ƙudura ba zai ce komai ba.

Sai wani maroƙi da aka ɗauko daga Tudun Wada ya karɓi lasifika. Ya wasa ango, ya wasa amarya, sannan ya juya ya nuna ƙofar ƙarfen. Ya ce, "Jama'a ku dubi aikin ɗan halak! Jiya kango, yau fada! Gidan da ba shi da fasali, Alhaji Ukasha ya zo ya ba shi fasali! Ya share ƙauyanci, ya kawo birni har gida!" Mata suka rangaɗa guɗa daga ciki. Mujitaba yana layin gaba, wani ya kama hannunsa ya ɗaga sama, aka yi tafi.

Inuwa ya miƙe. Wanda ke kusa da shi ya kama gefen rigarsa, Inuwa ya fizge. Ya ratsa kujeru har gaban maroƙin ya miƙa hannu. Maroƙin ya zaci kyauta ce za a yi, ya ce, "Ga baffan ango, ga uban biki!" ya ba shi lasifikar da kansa.

Inuwa ya yi sallama, aka amsa. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. Ya ce, "Ni ne Inuwa, ɗan Rufa'i magini. Abin da wannan bawan Allah ya kira kango, ubana ne ya gina shi, shekarar da ruwa ya ci garinmu. Duk wanda ya haura hamsin a unguwar nan ya san abin da nake faɗi. Mun zo nan ba mu da komai sai abin da jaki ya ɗauko. Zauren nan shi ne abu na farko da muka kalla muka ce ashe za mu sake zama mutane. An rushe shi ba na nan, an dafa shinkafa da azararsa. Na yi shiru. Amma ba zan zauna a ƙofar gidan ubana a ce aikinsa ba shi da fasali ba. Ku ce wannan sabo ne, ku ce yana sheƙi, ku ce an kashe masa dukiya, duk gaskiya ne. Amma ku duba." Ya nuna ƙofar da ke buɗe. "Daga nan ina ganin matan da ke rabon abinci a tsakar gida, kuna ganinsu, duk wanda ya wuce a hanya yana ganinsu. Baƙo in ya zo ba inda zai zauna. Tsoho in ya gaji ba inda zai jingina. In wannan ne fasali, to ubana bai iya gini ba, ni ma ban iya ba."

Ya miƙa wa maroƙin lasifikarsa. Wata mata daga dangin amarya ta ja tsaki ta ce a tashi a tafi, ba a gayyato su don a ci musu fuska ba. Wasu suka bi ta, wasu suka tsaya ana ba su baki. Wani tsoho a cikin dattawan, wanda shi ma a tsohon gari aka haife shi, ya sa hannun riga yana share ido. Ukasha yana zaune cikin babbar riga, kansa a ƙasa.

Unguwa ta rabu biyu a kan maganar. Wasu suka ce Malam Inuwa ya faɗi gaskiya, wasu suka ce ko gaskiya ce ba ranar faɗinta ba ce, dattijo ba ya ɓata bikin ɗansa. Rabi ta daina yi masa magana, in sun haɗu a tsakar gida sai ta kau da kai. Amarya kuwa kwana huɗu ta yi a gidan aka wuce da ita Kaduna, inda da ma can Ukasha ya kama musu gida. Aka bar tsofaffi uku da ƙofar ƙarfe wadda in rana ta take ba mai iya taɓa ta da hannu.

Kafin damina Inuwa ya gina ɗaki biyu a lambunsa na bakin kanal, inda yake noman albasa da tumatir, ya kwashe Zuwaira suka koma can. Dattawan da ke zama a dakali suka koma gindin darbejiya, da ruwa ya sauka kuma zaman ya watse.

Cikin watan azumi Rabi ta kwanta ciwon ƙafa. Zuwaira ta matsa masa, ya je duba ta, ya kai mata albasa da 'yar zuma. Suka gaisa, ya tambayi jiki, ta ce da sauƙi. Ba ta ba shi haƙuri ba, shi ma bai ba ta ba. Da zai tafi ta ce Ukasha ya yi waya, ya ce a gaya wa Baffa in ya yarda zai sa a gina ƙaramin zaure na bulo a gefen katanga, akwai wani a Kano da ya iya fitar da dagi da siminti, ba a bambanta shi da na da.

Inuwa ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin yana neman takalminsa da ƙafa. Ya ce, "Ki ce masa na ji. Ki ce masa kuma ya zo da kansa ya faɗa mini wanda ya ce an yi magana da ni a waya. In ya faɗa, sai mu yi zancen gini."

Ukasha ya zo da sallah, ya kwana ɗaya a gidan, ya aika wa Baffansa shadda da turare ta hannun Zuwaira. Bai ƙarasa lambun ba.